Kalmar da Ta Rage a Bakin Baba

Damagaram, ranar Talata

Yayana Mai Nasara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya zafin Maraɗi? Mu nan da sauƙi, in ban da jikin Baba.

Na rubuto ne domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, kullum kana shirin shiga aji.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bayan girbi bakinsa ya rufe. To, makon jiya ya buɗe, amma da kalma guda: Hosanna. Ranar farko ni ma na yi kukan murna. Pasto Sha'ibu ya ba da labari a majami'a, yanzu kowace yamma matan zumuntar majami'a na cika mana tsakar gida da waƙa. Wai tsoho ya manta sunayen 'ya'yansa amma bai manta yabo ba. Yana faɗa, suna tafi.

Yaya, ni ce mai juya shi, ni ce mai wanke shi. Duk lokacin da na ɗaga shi ta hagu sai ya damƙe hannuna, gumi ya keto masa, ya faɗi kalmar nan. Maƙwabciyarmu Gana Musulma ce, ba ta san kalmar ba, amma ta ce ba ta taɓa ganin mai yabo da irin wannan fuska ba. Na gaya wa Pasto ina so in mayar da shi likita, wato asibiti. Ya ce kada in wahalar da mutumin da Ubangiji ya ba salama, in jira ta bakinka tunda kai ne babba.

Kai ka karanta Ibrananci. Me kalmar nan take nufi? Kuma in kai shi ko kada in kai shi?

Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Zuliha


Damagaram, ranar Litinin

Yaya Mai Nasara,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, amsarka ta iso ta hannun direban kar, motar fasinja.

Na karanta ta tas. Na gane cewa asalin kalmar roƙo ne daga Zabura, ma'anarta "ka yi ceto, muna roƙonka". Na gane taron Urushalima da ita suka tarbi Yesu, daga baya ta zama kirarin murna. Ka rufe da cewa ma'anonin biyu duka daidai ne. Na juya takardar ina neman inda ka amsa tambayata ta biyu, ban gani ba.

Tun ina yarinya nake rera kalmar nan ina rangaji, ba wanda ya taɓa ce mini kukan neman taimako ne. Da na karanta sai na zauna a bakin murhu. Na tuna yadda muke kewaye shi muna masa amshi.

Ban ƙara jiran kowa ba. Gana ta samo taksi, muka ɗauke shi a bargo. An yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, lokotoro ya ce ƙashin ƙugunsa na hagu ya tsage, kuma ba jiya ba ne. Ya tambaye ni yaushe ya faɗi, na ce bai faɗi ba. Irin kallon da ya yi mini ba zan manta ba.

Da labari ya bazu, ɗaya daga matan zumunta ta same ni tana kuka. Ranar da na bar mata shi na je kasuwa sayen zare, ya zame daga gado. Ta mayar da shi, tsoro ya hana ta faɗa. A ranar ce ya fara magana. Ba zan rubuta sunanta ba, don na san ka, sai ka yi mata wa'azi. 

A gaida yara.

Zuliha


Damagaram, ranar Laraba

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya.

Baba na kwance a likita, ana ba shi maganin zafi, yana barci sosai, yana shan kunu. Tun da ciwon ya lafa bai ƙara faɗin kalmar ba. Ya koma shiru kamar da. Wasu a majami'a har suna cewa na kai shi inda aka ƙwace masa yabonsa. Na ji da kunnena, na wuce.

Pasto Sha'ibu ya zo jiya. Ya daɗe a zaune bai buɗe Littafi ba, sannan ya durƙusa a gefen gado ya roƙi Baba gafara. Ban sani ba ko Baba ya gane. Ni dai zuciyata ta ɗan yi sanyi, ba duka ba.

Lahadi mai zuwa ce ta ganyen dabino, ranar da ake rera Hosanna, kuma ni ce mai ba da waƙa. Na ce su nemi wata. Na gwada ni kaɗai a shago, ina kan keken ɗinki, muryar ta ƙi fita.

Direba ya ce ka yi alkawarin aiko da ƙarin bayani a kan aya ta Zabura. Kada ka aiko. Na rufe shago, Gana ce ke kawo mana abinci, bayana ya ƙage da ɗaga shi. Duk muryar namiji da Baba ya ji a baranda sai ya juya ido wajen ƙofa, in wani ne ya shigo ya rufe idon.

Yau da safe na ce masa kana zuwa ran Juma'a. Ya matse mini yatsa. Na riga na faɗa masa, Yaya, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ubangiji ya kiyaye hanya.

Ƙanwarka,
Zuliha Nomau