Ku Yi Magana Kafin Ku Ɗaga

Ni mahaifinku, mai kwashe wa masu tashi gida kaya, ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ko da uwarku za ta ce ba a taɓa ganinsa a cike ba. Likita ya ce zuciya ta gaji, amma ya duba gadon bayana ya yaba. Na tsufa ina hawa da sauka da firji da gadajen mutane, kuma har gobe ni nake sa wa kaina takalmi. Ina alfahari da wannan, ban ɓoye ba.

Na ɗaya. Motar kaya ta Dogo ce, babbanku. Kurar turi, da katakon da ake gangaro da kaya daga bayan mota, da igiyoyi da barguna na Auta ne. Na san za ku ce tsoho ya yi wayo, don mota ba kura wahala ce, kura ba mota kuwa abin dariya. To, da gangan na yi.

Na biyu. Jak ɗin ɗaga mota da ke ƙarƙashin kujerar direba na mai waldan unguwarmu ne. Ku mayar masa, ku ce na gode, kada ku tsaya jin tsawon lokacin da ya yi a wurina.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Kun daɗe kuna gaba. Asalinta, Dogo ya ajiye injin wanki ya dafe ƙugu, Auta ya kira shi tsoho a gaban matar gidan da kuke kwashe wa kaya, ta yi dariya. Shi ke nan fa. Tun ranar kuke aiki tare kamar kurame, mota ɗaya, kaya ɗaya, ba mai ce wa wani uffan. A wata sana'ar gaba zuciya take ci. A tamu baya take ci. In ɗaya ya ɗaga ɗaya bai shirya ba, duk nauyin kabad kan ƙugu ɗaya yake sauka, kuma ƙugu ba ya mantuwa.

Dogo, kai yanzu rungumar firji kake kai kaɗai don ka nuna da sauranka. Matarka ta gaya wa uwarku cewa da safe sai ka mirgina gefe ka dafa bango kafin ka miƙe. Wannan yana ci mini rai fiye da ciwona, domin da bayan nan kake ciyar da 'ya'yanka, kuma ba a sayar da wani a kasuwa. Ka je a duba ka. Girman kai rawanin tsiya ne.

Na huɗu. Abin da na koya muku tun kuna rigima kan zama gaban mota yana nan. A zazzage kabad kafin a taɓa shi, ko mai gida ya rantse ba komai ciki, kullum akwai. A tsugunna, a jawo kaya jikin ciki, ƙafa ta ɗaga. In za a juya, ƙafa ta juya, kada a murɗa ƙugu. Abin da taya za ta iya, kada a roƙi kafaɗa. A kan matakala, wanda ya fi tsawo ne a ƙasa, kuma shi ke faɗin a tafi ko a tsaya. Mai kaya in yana sauri, ku ba shi fitilar tebur ya riƙe, zai ji yana aiki.

Na biyar. Auta, bakinka nawa ne, na san shi. Ka ba yayanka haƙuri, ba a waya ba. Dogo, ka karɓa, ko da fuska a murtuke.

Ranar da kuka sauko da ni daga bene a kujera za a kai ni asibiti, karo na farko ke nan da na zama kaya. Na ji Auta ya ɗaga kafin Dogo ya gama tsugunnawa, na ji kujera ta karkata, na ji numfashin Dogo ya tsaya cak a bayan kunnena. Ni da ake kai wa likita, ni na koma ina yi muku ƙirga, ɗaya, biyu, uku, ku ɗaga. Kun yi dariya a tare, ba ku ma lura ba, ni kuwa na ji daɗi har ƙwalla.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu gidaje marasa bene, masu ƙofofi masu faɗi. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kada gidan nan ya rabu. In faɗa ya zama dole ku yi shi da baki, ko zagi ne, muddin ana jin murya.

Saura ɗauka ɗaya da za ku yi mini, kuma a wannan ba zan iya ƙirga muku ba. Dogo, ka tambayi ƙanenka ko ya shirya. Auta, ka amsa masa.