Masarata da Benen da 'Yata Ta Zana

Malam Tanimu, don Allah ka raba mana gardama ni da 'yata, abin ya fi ƙarfina.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora, ina saro masara daga Kaboji da Zugurma in ajiye. Alhamdu lillahi, rufin asiri sai godiya. 'Yata Jawahir injiniyar gini ce, ita ta zana mini bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Kafin a haƙa tushe sai da ta sa aka auna ƙasar filin. Ta ce mai taushi ce, in aka yi girgizar ƙasa irinta ta fi dutse jijjiga gini. Ta ƙara rodi a ginshiƙai, ta tsaya a kan magina har suka ɗaure shi yadda take so. Suna ta dariya, wai girgizar ƙasa a Kontagora. Ni kuwa daɗi nake ji in gan ta da hular kwano tana ba ƙarti umarni.

Gini ya yi kyau, har masu wucewa kan tsaya kallo. Yanzu yara sun watse, daga ni sai uwarsu. Da kaka ta yi, na ce zan jibge buhuna a ɗakunan sama, inda danshi ba ya kaiwa. Mu dai a sana'armu ba a barin ɗaki haka nan. Ta ce atafau. Wai lissafinta na mutane da gadaje ne, kuma nauyi in ya taru a sama, ga shaguna a buɗe a ƙasa, ƙaramin motsi ya isa. Na ce tun zamanin kakana ƙasar nan ba ta taɓa motsi ba. Sai ta ce in na hau da buhunan, 'ya'yanta sun daina kwana a gidan. Wannan maganar ta yi mini zafi. Gida nawa, hatsi nawa, amma duk hutu ina ɗokin hayaniyar jikokin nan.

Uban Injiniya, Kontagora

Amsar Malam Tanimu: Alhaji, kana da taka gaskiyar. Ƙasarmu ba ta cikin masu yawan girgiza, kuma bai kamata Jawahir ta sa jikoki a tsakani ba. Tsoro ne ya sa ta, ba raini ba.

Amma a kan gini ita ce da gaskiya. An taɓa jin motsin ƙasa a Abuja da Kwoi. Ƙarfin da girgiza ke bugun gini da shi yana ƙaruwa ne da nauyinsa, musamman nauyin da ke sama. Ko ƙasa ba ta motsa ba, daɓen da aka auna don gado ba na tulin masara ba ne.

Ka ware shago ɗaya a ƙasa, ka ce ta tsara maka dakalin katako da tagogin iska saboda danshi. Za ta yi da murna. Kai ka biya mata karatun nan, ka ci moriyarsa mana. Masara ta kwana a ƙasa, jikoki su kwana a sama. Allah ya albarkaci kasuwa, ya raya zuri'a.