Zanen da Na Ƙi Yi wa Bature

Zuwa ga Yayana Sule a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya iyali da kasuwa? Mu nan Ƙofar Na'isa lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Za a yi bikin ƙarshen shekara a makarantar Nasara inda nake koyarwa, sai Baturen makarantar ya ce in zana bangon littafin bikin. So yake in sa sarkinsu na Ingila a sama, yaranmu durƙushe a ƙasa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai zana wannan ba."

Sai na kai masa zanen ganuwa da ƙofarmu, kewaye da irin zayyanar da Baba ke yi wa jakunkunan fata a kasuwar Kurmi. Ya jefar, ya ce ko in canza ko in nemi wani aiki. Na tsinci abina na kakkaɓe. Gobe shi zan mayar masa yadda yake. In korar ce ya kora, ba a makarantarsa na koyi riƙe alƙalami ba.

Ka sa ni a addu'a. A gaishe mini da Yaya Hauwa da yara.

Ƙaninka,
Habu