Na Nemo Miki Salihu a Littattafai Uku

Daga Mandawari, ran Laraba

Zuwa ga Mardiya, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar da nake hange daga nesa ƙafafuna suna ƙuna. Ina gaishe ki, ina gaida Inna.

Na gaji, Mardiya! Wallahi na gaji. Ba da ke ba, Allah ya kiyaye, da takardu na gaji. Kin tuna ranar da na tsaya a zaurenku na Yakasai, kina bayan asabari, ba abin da nake gani sai lallen ƙafarki? Ran nan kika ce alƙali ya warware aurenki, kin yi idda kin gama, amma ba za ki shiga ɗakin wani ba sai kin san inda mijinki Salihu ya ƙare, shekara tara ke nan da Turawa suka tafi da shi yaƙin Jamus a ƙasar Kamaru. Ni kuwa, da rawar kan malamin boko, na bugi ƙirji na ce yaƙin da ya ci duniya ai an rubuta shi, zan nemo miki. Ashe ban san abin da na ɗauko ba.

Na fara da wani ƙaton littafin Turanci da na aro wurin wani akawu. Ga taswira, ga kwanan wata, ya san sunan kowane Bature har da na dokinsa. Mu kuwa adadi ne: 'yan dako kaza sun mutu, shi ke nan. A ƙarshensa akwai jerin sojojin da suka rasu, amma a soja da garin mutum ake rubuta shi, ba da ubansa ba. Salihu Kano na ƙirga har bakwai! Wanne ne naki?

Na biyu bugun Masar ne, na samo shi hannun wani Balaraben Tarabulus a bakin kasuwar Kurmi. Larabcinsa kamar zuma, yana ta kukan faɗuwar daular Santambul, amma ko sau ɗaya bai ambaci Kamaru ba.

A nan zuciya ta so ta kai ni ta baro. Kwana uku tana ce mini in zaɓi ɗaya cikin bakwai ɗin nan in kawo miki, wa zai gane? Ya ke farin watana, da kin san yadda na so! Amma ta yaya zan ci tuwon hannunki har tsufa, alhali da bakina na haƙa wa mutum kabari?

Na uku ko bugawa ba a yi ba. Warƙoƙi ne na ajami cikin gafaka, rubutun Baffa, wani marini a Jakara da ya yi dako a yaƙin. Abin da ya gani ya ce ya gani, abin da ya ji ya faɗi wanda ya gaya masa, inda ilminsa ya tsaya ya rubuta bai sani ba. Shi ya koya mini zaɓen littafin tarihi: a fara tambaya, ina marubucin yake tsaye lokacin da abin ya faru?

Kuma a nan na same shi, Mardiya. Salihu badukun Yakasai, mai tabon wuƙa a babban yatsan hagu. Zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye kusa da Garwa, suka bar shi hannun wata tsohuwa Bafulatana, yana numfashi. Daga nan Baffa bai sani ba.

Yana numfashi! Na karanta layin nan har idona ya yi ja, bai sauya ba. Ga warƙar na haɗo miki, ki karanta da idonki, don kada son da nake miki ya gyara ko harafi ɗaya.

Bayan Juma'a zan bi fatake zuwa Yola, daga can in wuce Garwa. In kabari na tarar, zan yi masa addu'a in dawo zaurenku da ƙurar hanya a ƙafata. In kuwa shi na tarar, ni zan riƙo masa sanda har ƙofar gidanku. Abu ɗaya nake roƙo: ran nan ki ɗaga asabarin, in ga fuskarki sau ɗaya kafin in juya.

Naki ne ni, ko kin zama tawa ko ba ki zama ba, har ranar da za a miƙe ni a makara.

Jibril