Garin Kwaki a Lagireto

Sabitu,

Na tarar kana barci ban tashe ka ba, don ba na son jin bakinka da safen nan.

Na duba motar. Ba lagireto ke yoyo ba, kamar yadda ka rantse wa Baba jiya. Fanka ce ba ta juyawa. Ɓera ya cinye wayarta, albarkacin gyaɗar da kake zubarwa a cikin motar. Da inji ya yi zafi a Tamawa, da ka kasa kunne minti ɗaya da ka ji fankar shiru. Ina! Sai ka buɗe murfi da zafinsa, ka ɗura garin kwaki wai ya toshe huda, don ka ji 'yan tasha na faɗa. Haka ka taho kana dafa teba har Dutsin-Ma, allura a kan ja, Gogo a baya tana salati.

Yanzu inji ya buga, kuma Alhamis Gogo za ta koma asibiti. Kai za ka faɗa mata cewa babur za ta hau da wannan ƙafar tata. Ba ni ba.

Na tafi Kurfi ɗauko Malam Ɗalhatu bakanike. Kada ka taɓa motar, ko da wanki ne. Makulli na wurin ƙanwarmu Sakinatu, na ce ko kuka kake kada ta ba ka.

An ce hannunka ya saluɓe. Allah ya sawwaƙe. Tebarka na kwashe maka a kwano, ka karya da ita.

Yayanka,
Zubair