Ɓata Takarda

Stratford, London
Satumba

Yaya Suweiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Maƙwabcinmu Abdul-Salam zai zo Kumasi, shi ne na ba shi wannan takarda tare da man zafin da kika ce.

Yaya, kaina ya ɗau zafi. Yarinyar nan za ta shiga sakandare baɗi, kuma a nan ba a kai yaro makarantar bakin layi a huta. Council, wato ƙaramar hukuma, ke ba iyaye dama su zaɓa kafin ƙarshen Oktoba. Na yi yawon ganin makarantu har takalmina ya cinye. Biyu suka tsaya mana, duk na gwamnati. Ɗaya tana nan kusa, ƙarfinta kimiyya da lissafi, kuma babanta Issahaku ya riga ya ɗinka mata rigar likita a ransa. Ɗayar tana tsallaken kogi, wajen Camberwell. Tana ware 'yan kujeru ga yara masu hannun zane, amma sai an yi musu gwaji.

Ke kaɗai zan faɗa wa: yarinyar tana da hannu. Takan zauna a shagona ta kwafi furen atamfa, ta ƙara nata, in rasa wanda ya fi kyau. Ranar da muka shiga ɗakin zanen makarantar, sai da na ja ta kafin ta fito. Da ƙyar na shawo kan babanta, an sa sunanta a gwajin. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Amamata

Aboabo, Kumasi
Oktoba

Amamata,

Wa alaikumus salam. Man ya iso, Allah ya yi albarka. Ƙafa kuwa tana nan da halinta.

Na karanta takardarki na yi dariya. Kin cika shafi da yabo, amma ko sau ɗaya ba ki rubuta Fausia ba! Ashe London ba ta wanke miki kunyar 'yar fari ba. Madalla, ki riƙe wannan. Yabon ma ya tsaya tsakaninmu. Baki yana kama yaro, kuma ɗan da uwa ta yaba a fili kansa kumbura yake yi. In aka yaba miki ita a taro, ki kushe, haka mahaifiyarmu Mma take yi.

Zancen zane da likita kuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah ya zaɓa mata mafi alheri. Ki gai da mai gidan.

Yayarki,
Suweiba

Stratford
Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da dogon shiruna.

Sakamako ya fito, an ba ta makarantar kimiyya. Babanta sai bugo wa dangi waya yake yi. Ni kuwa ban kira kowa ba.

Tun a Oktoba aka sanar da mu ba ta ci gwajin zanen ba, na ɗauka wasu yaran ne suka fi ta. Jiya na ce mata ta yi haƙuri, Allah bai yi ba. Sai ta amsa da Turanci, kamar yadda ta saba, cewa ai ba ta zana komai ba. Zama ta yi da farar takarda har lokaci ya cika.

Yaya, dab da gwajin mun je suna a Old Kent Road. Ta zana kakar jaririn a bayan farantin takarda, mata suka yi ta miƙa wa juna. Wata ta ce, "Amamata, wannan yarinya naka, hannunsa zinariya ne!" Ni kuwa na ce, "Wannan? Ɓata takarda kawai take yi. Ba ta iya komai ba." Suka yi dariya, don sun san abin da nake nufi. Ashe tana bayana riƙe da tire. Saboda da Turanci take amsa mini, nakan manta Hausa ba ta wuce ta.

Ta ce, "Kowa ya ce ya yi kyau, ban da ke. Ke kike ganin zanena kullum, ke ce kika san gaskiya."

Na kira makarantar zanen. Sun ce gwajin sau ɗaya ake yi. Da bakina na rufe mata ƙofar da na sha wuya na buɗe, kuma abin yana cin raina.

Na bar ki lafiya,
Amamata

Aboabo
Maris

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Yau babu dariya.

Ni ce 'yar farin Mma, har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Amma in ta kushe ni a tsakar gida, kafin in kai bakin famfo wata gwaggo ta ja ni gefe ta ce, "Rabu da ita, jiya ɗinkinki take ta nuna mana." A nan Zongo, unguwa gaba ɗaya ke gyara abin da uwa ta kushe. Fausia fa, wa zai ja ta gefe a wannan bene naku? Ban yi tunanin haka ba. Na ba ki shawarar Aboabo, kika yi aiki da ita a London. Ki yafe mini.

Ki kira ta da sunanta, ki faɗa mata abin da kika rubuta mini. In akwai abin kunya, na ɗauka.

Allah ya sanyaya,
Suweiba

Stratford
Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi abin da kika ce.

Na sayo fensiran kala na shiga ɗakinta. Na ce, "Fausia." Ta ɗago a tsorace, ta tambaye ni ko wani ya rasu a Kumasi. Na ce mata zanenta ya fi duk atamfar shagona kyau, kuma na daɗe da sani. Ta ce ta gode, irin godiyar da take yi wa direban bas.

An gwada mata rigar makarantar kimiyya, ta yi mata daidai. Fensiran suna kan teburinta, ba ta cire ledar ba. Ba ta kuma mayar mini da su ba.

Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki,
Maman Fausia