Masara da Tsamiya a Gwangwanin Labo

Litinin, 7 ga Fabrairu, 1983

Yaya Kayode ya zo da wani wasa daga Zariya. Shi ke ba da labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ciki ya zama shi, ɗan ludo ya yanke ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Bayan an tashi kasuwa muka yi a bayan shagon Baba. Donatus tela ya zama dogari. Labo, Bamagujen Gozaki da ke kawo mana barkono, ya zama mafarauci. Ni aka ba alƙalanci: aikin kirki ƙwayar masara a gwangwaninka, mugun aiki ɗan tsamiya. Wanda tsamiyarsa ta rinjaya, Yaya ya karɓe mutuminsa ya mai da shi mugun labarin. Aikin ya dace da ni, wallahi.

Litinin, 14 ga Fabrairu

Dariya har ciwon ciki. Dogarin Donatus ya gudu daga kura, ya faɗa rijiya. Mafarauci kuma ya fasa rumbun mai gari ya raba wa mayunwata. Na jefa masa tsamiya. Sata sata ce. Labo ya ce, “To yaran su ci me, Silifa?”

Litinin, 21 ga Fabrairu

An ɓata. A labarin wani tsoho ya mutu a hanya, mafarauci ya binne shi ya zuba giya a kan kabarin. Tsamiya. Labo ya daɗe yana kallon gwangwanin. “Mafaraucin kike aunawa, ko ni?” Ya ɗauki hularsa ya fita. Wasa ne fa!

Litinin, 28 ga Fabrairu

Labo bai zo ba. Barkonon ma aikowa ya yi. Wasan ya yi lami, muka tashi tun rana na sama.

Laraba, 2 ga Maris

Yaya ya ce in Labo ya ƙi dawowa shi ke nan, zai tattara kayan wasansa. Ya kawo sabuwar doka: kafin in jefa komai, mai aikin ya faɗi dalilinsa, kowa ya sa baki. Na ce an rage mini girma. Na dai yarda.

Litinin, 7 ga Maris

Donatus ya ɗauko Labo a babur, har da ihu a ƙofar shago! Aka koma kan kabarin nan. Labo ya ce haka ya yi wa ubansa, don kada ya tafi kamar wanda ba shi da kowa. Donatus ya ce masara. Yaya ya ce masara. Ni dai hannuna ne ya tafi, masara biyu suka faɗa. Daga nan mafarauci ya ciro dogari daga rijiya da igiyar wando, Baba ma sai da ya leƙo yana dariya.

Litinin, 14 ga Maris

Yaya ya karɓi gwangwanayen yau, ya ba ni wata mai sayar da fura in zama ita. A labarin an tsare mafarauci, na yi wa mai gadin kurkuku ƙarya tiryan-tiryan don ya tsere. Labo ya buga cinya: “Kai, alƙaliya!”

Matarsa Ladidi ta aiko mini da dakuwa a cikin ganye. Da can Donatus nake miƙa wa irin wannan, yau kuwa ni na cinye. Yunwa ce kawai, ina jin. Ladidi ta ce in je Gozaki in ga sabon jaririnsu. Na tambayi Yaya inda ake shiga motar.